Wa Ke Sauraron 'Ya'yan Ma'aikata? Tarbiyya da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara a Unguwannin Bompai, Sharaɗa da Challawa

Lafiyar ƙwaƙwalwar yaro tana nufin yanayin da yake iya barci, ya ci abinci, ya yi wasa, ya ɗauki karatu, ya zauna da mutane daidai da shekarunsa, kuma idan abin baƙin ciki ya same shi ya ji zafinsa na ɗan lokaci sannan ya dawo hayyacinsa. A bakin mutanen Kano, da an ambaci ƙwaƙwalwa sai tunani ya tafi ga mahaukacin da ke yawo a bola. Alhali mafi yawan yaran da ke fama da irin wannan larura suna cikin gida, ana aikensu suna zuwa, suna durƙusawa su gaida manya, ba wanda ya san abin da ke cinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, ko fargaba mai tsanani, ko matsalar ɗabi'a, kuma kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa da ake gani ga manya sun soma ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Ke nan a gida ake fara ganin alama, kuma iyaye ne masu ganinta. Yadda za su iya da wannan nauyi ya danganta da irin gidan da suke ciki da irin aikin da ke ciyar da su, kuma unguwannin da suka kewaye masana'antun Kano suna da nasu irin gida.

Gidajen da kamfani ya haifar

Bompai, a Ƙaramar Hukumar Nasarawa, ita ce mafi daɗewa cikin rukunan masana'antun Kano, tun ƙarshen zamanin Turawa. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya, bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da kuma shekarun da kuɗin man fetur ya yalwata. Kowane rukuni ya jawo unguwanninsa. Ma'aikatan Bompai suka cika Tudun Wada da Gama da Birged da Dakata da Kawaji da Tudun Murtala. Na Sharaɗa suka bazu a Ja'en da Sabuwar Gandu da kewaye. Na Challawa, inda kamfanonin jima suka fi yawa, suka zauna a Panshekara da Zawaciki da Kumbotso. Wani masani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya yi nazarin leburorin kamfanonin Kano a shekarun 1970, ya kuma wallafa littafinsa a 1986. Daga abin da ya gano, da yawansu 'yan ƙauye ne, wasu ma almajiranci ne ya fara kawo su birni.

A wannan shekara ta 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida. Darajar naira ta faɗi, wutar lantarki ta yi ta ja da baya, daga bisani atamfofin waje masu araha suka cika Kantin Kwari, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage yau ya fi karkata ga kamfanonin roba da takalma da tabarmi, da na jima, da na sabulu da man girki da casar shinkafa da kayan maƙulashe. Yawancin aikin na wucin-gadi ne, a biya mutum a rana ko a mako, kuma a kamfanoni da dama ana karɓa-karɓa ne tsakanin masu dutin safe da masu dutin dare. Mata ma sun shiga, musamman zawarawa da 'yan mata, a wajen tsince roba da shirya kaya a kwali. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, bayan tsadar da ta biyo cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, amma dokar ba ta hau kan ƙananan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, haka ma wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi.

Gidan da wannan aiki ya samar shi ne gidan haya: ɗaki ɗaya ko ciki da falo, tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya ga iyali biyar ko takwas waɗanda ba dangin juna ba. Kaka tana ƙauye. Goggo tana wani gari. Wannan rashi ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi.

Tsohon rabon aiki

Tarbiyyar Bahaushe ta gargajiya ba ta ɗora sauraron yaro a kan uwa da uba ba. Tsakanin iyaye da 'ya'ya kunya aka gina, musamman ga ɗan fari, wanda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ma a ba wata 'yar'uwa riƙonsa bayan yaye. Uba kuwa kwarjini ne nasa. Ana gaishe shi, ana karɓar umarni, ba a zama a yi masa hira. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna wannan tsari filla-filla. Wanda ya kalle shi daga nesa zai ce babu tausayi a ciki, amma akwai inda aka ajiye tausayin. Kaka mace tana kiran jikanta namiji mijinta, jikarta mace kishiyarta, ana tsokana ana dariya, kuma a cikin wasan yaro ke faɗin abin da ba zai taɓa faɗa wa uwarsa ba. Kawu da goggo suna shiga tsakani idan uba ya yi fushi. Taubashi abokin wasa ne kuma abokin sirri. Yarinyar da ta fara ganin al'ada ɗakin kakarta take nufa. Yaron da aka doka gidan baffa yake gudu, a rarrashe shi, a riƙo hannunsa a dawo da shi a ba uban haƙuri.

A gidan haya na Dakata ko Panshekara an taho da kunyar da kwarjinin, an baro masu rarrashin a gida. Uba yana nan a matsayin wanda ake tsoro, uwa tana nan da alkunyarta, kujerar kaka kuma babu kowa a kai. Yaro ya taso da ƙa'idojin da Anthony Kirk-Greene ya lissafa a 1974 cikin siffofin mutumin kirki a wajen Hausawa, irin su haƙuri da kunya da ladabi, an kuma koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk halaye ne masu kyau. Sai dai yaron da ya iya haɗiye magana, kuma ba shi da ɗakin da zai je ya amayar da ita, zai nemi wani wurin: majalisar bakin titi, teburin mai shayi, gidan kallon ƙwallo, ko waya. Babban aikin iyaye a waɗannan unguwanni shi ne cike wannan gurbi, ko su da kansu su sassauta kunyar, ko su nemo wanda zai zauna a kujerar. Maƙwabciya dattijuwa mai riƙon amana, malamar Islamiyya, ƙanin uba da ke wata unguwa, ogan da yaro ke koyon sana'a a wajensa idan mutumin kirki ne, kowannensu yana iya zama kaka. Masu binciken yaran da suka taso cikin wahala suka kuma fita lafiya sun daɗe da lura cewa abin da ya fi yawan haɗa su shi ne samun babban mutum guda, ko da ɗaya tak, wanda yake tsaye a kansu ba ya gajiya da su. Tura yara ƙauye wajen kakanni lokacin hutu, wanda wasu ke gani kamar rage bakin ci ne kawai, yana cikin wannan magani.

Ta inda talauci ke shigowa

Yaro ba ya karanta takardar albashi, fuskar iyayensa yake karantawa. Wani masani mai suna Rand Conger da abokan aikinsa sun bi ɗaruruwan iyalai a jihar Iowa ta Amurka bayan durƙushewar harkar noma a shekarun 1980, suka nuna hanyar da matsin aljihu ke bi ya isa ga yara: rashin kuɗi ya jefa iyaye cikin damuwa, damuwa ta haddasa faɗa tsakanin miji da mata, faɗan ya koma tsawa da duka ko halin ko-in-kula ga 'ya'ya, daga nan matsala ta bayyana a jikin yaran. Inda iyaye suka iya riƙe junansu, cutarwar takan ragu ƙwarai ko da aljihun bai canza ba. A ɗaki ɗaya babu bangon da zai tare rigimar kuɗin cefane. Duk abin da aka faɗa da dare, yaron da ake zaton ya yi barci ya ji shi, kuma ƙananan yara suna da halin ɗora wa kansu laifin abin da ba su fahimta ba. Idan an sallami uba daga aiki, gara a gaya wa yara gaskiya daidai hankalinsu, cewa aiki ya tsaya, ana neman wani, kuma ba laifin kowa ba ne a gidan, da a bar su suna harhaɗa labari daga guntayen faɗa. Sakin aure ma haka yake, har ya fi. Yaron da aka wayi gari uwarsa ta tafi, ba wanda ya ce masa uffan, aka kuma hana shi zuwa inda take, an ɗora masa kaya biyu.

Dutin dare yana da tasa illar. Uban da ya kwana a tsaye gaban inji yana bukatar barcin rana a ɗakin da yara ke bukatar motsi, saboda haka ko a kore su waje tun safe, ko a yi ta yi musu tsawa. Uwar da ta fita aiki takan bar 'yar shekara goma da goyo da girki. Barcin yaran kansa yana lalacewa da zafi da sauro da ƙarar janareto, ga waya a hannun manyansu har tsakar dare. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Yaro mai ƙarancin barci yana da saurin fushi, ba ya riƙe karatu, kuma a aji sunansa daƙiƙi. Tsayar da lokacin kwanciya, da karɓe waya a ajiye ta wajen uwa bayan sallar isha'i, suna daga gyaran da ba ya cin ko kwabo.

Sunayen da ake ba ciwo a gida

Ciwon damuwa ga yara ba kasafai yake zuwa da kuka ba. Ya fi zuwa da fushi, da ƙin magana, da janyewa daga abokai, da barin abin da yaro yake so a da, ƙwallo ko kitso ko zuwa hadda. A gida sai a kira shi miskilanci, ko taurin kai, ko a ce balaga ce ke ɗibarsa. Sau da yawa kuma ta jiki yake fitowa: ciwon kai kullum, ciwon ciki da safe idan za a tafi makaranta, faɗuwar gaba, jin kamar wani abu na yawo a ka. A je kemis a sayo maganin zazzaɓi da na taifot, a sha, a sake sayowa, ciwo yana nan. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi mai sauƙin riƙewa ne: canji daga yadda aka san yaro, wanda ya kai mako biyu ko fiye, kuma ya taɓa barcinsa ko cinsa ko karatunsa ko zamansa da mutane. Uwa ta fi kowa sanin yadda ɗanta yake a da, don haka idan ta ce yaron nan ba haka yake ba, maganarta abar dubawa ce.

Fitsarin kwance da ya dawo bayan yaro ya daina, da firgita cikin barci, da manne wa uwa, sukan biyo bayan abin tsoro. Unguwannin nan ba su rasa irinsa ba. Mazauna kewayen Bompai sun ji tashin bama-baman 20 ga Janairun 2012, lokacin da aka kai hari hedikwatar 'yan sanda da wasu wurare a Kano aka kashe mutum fiye da 180, kuma yaran wancan lokaci su ne samari da sababbin iyayen yau. Na kullum kuwa su ne faɗan daba, da ƙwacen waya da wuƙa, da gobara, da ranar da aka dawo da uba gida inji ya cinye masa yatsu. Al'adar tara yara su yi wa mai fitsarin kwance waƙa tana ƙara masa abin da ya jawo fitsarin ne.

Akwai kuma yaron da ake kira mai ƙiriniya, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ko kammala aiki tun yana ƙarami, a gida da makaranta duka. Da wanda maganarsa ta yi jinkiri, ba ya haɗa ido, ba ya wasa da yara. Waɗannan halittar ƙwaƙwalwa ce, bulala ba ta gyara su. Kafin a yanke wa yaro hukuncin daƙiƙanci ya kamata a duba idonsa da kunnensa da jininsa. A nan sana'ar gida ma tana da hannu. Gubar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, ta rage fahimta, ta ƙara rashin natsuwa. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Mai fasa tsofaffin batura ko narka ƙarafa, da yaron da ke jari-bola, suna iya kwaso ƙurarta a tufafi. Sauya kaya da wanka kafin a ɗauki yaro, da hana tara irin wannan kaya a tsakar gida, kariya ce ta ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Buɗe bakin yaro

Uban da bai taɓa hira da ɗansa ba, ran da ya zaunar da shi ya ce «faɗa mini abin da ke damunka», amsar da zai samu ita ce «ba komai, Baba». Yara, musamman maza, sun fi magana idan ba a tsare su da ido ba, kuma hannu yana wani aiki: a hanyar masallaci da asuba, a kan babur, wajen gyaran keke. Uwa da 'yarta suna da kitso da tsintar shinkafa da wanke-wanke. Minti goma a kullum wanda babu aike, babu faɗa, babu nasiha a cikinsa ya fi zaman awa guda sau ɗaya a shekara. Tambayar ma tana da salo. «Me ya sa ka yi kaza?» tuhuma ce. «Na ga kwana biyu ba ka fita ƙwallo, lafiya dai?» ƙofa ce. Idan yaro ya fara magana, abin da ya fi wuya ga babba shi ne ya yi shiru har ya gama, kada ya tare shi da «mu a zamaninmu», kada ya yi saurin cewa «yi haƙuri» don a rufe zancen. Haƙuri yana da wurinsa, bayan an ji. Kuma abin da yaro ya faɗa a asirce, in ya ji shi a bakin matan tsakar gida, an rufe ƙofar ke nan.

Ga mai ganin wannan baƙon abu ne, akwai misalinsa a hadisi. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka nuna masa cewa rashin jinƙai ne. An kuma ruwaito yadda yake tsayawa ya tambayi wani ƙaramin yaro, ƙanin Anas ɗan Malik, labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu. Limamai da malaman Islamiyya na unguwa sun fi kowane likita damar isar da wannan ga iyaye maza.

Batun duka shi ne inda aka fi ja. Ana kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ana mantawa cewa mai tanƙwara icce a hankali yake bi, don ɗanyen ma yana karyewa. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000, suka ga duka ba ya ƙara biyayya mai ɗorewa, kuma yana tafiya tare da ƙaruwar faɗa da damuwa. Dukan da ake yi a gidan ma'aikaci bayan awa goma sha biyu a tsaye, gajiya ce ke yin rabinsa. Abin da shirye-shiryen horar da iyaye na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke koyarwa a maimakonsa bai da wuya: dokoki kaɗan bayyanannu, hukuncin da aka sanar tun kafin laifi kuma ake cikawa, kamar hana fita ko karɓe waya na kwana biyu, jinkirta hukunci har fushi ya sauka, da yabon abin kirki a lokacin da aka gan shi. «Allah ya yi maka albarka» daga bakin uba yana da nauyin da iyaye da yawa ba sa amfani da shi. Baki kuma, irin su «ba za ka taɓa yin albarka ba», yaro kan riƙe shi har tsufansa.

Ƙwaya

Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu a cikin shekara guda kafin binciken, ɗaya cikin huɗu mace ce, kuma a Jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan rahoton BBC da ya nuna yadda ake shansa a Kano. Kasuwar ba ta mutu ba, ta sauya kaya ne.

A unguwannin masana'antu ƙwaya tana da wata ƙofa ta daban. Lebura mai dako ko mai dutin dare yakan sha tiramadol don ya jure, yana kiranta maganin gajiya, kuma ɗansa ko yaron shagonsa yana kallo, yana koyon cewa kayan aiki ce kamar shebur. Sholisho kuwa yana nan a buɗe a wajen masu haɗa takalma da masu faci, inda ake kai yara koyon sana'a. Uban da zai kai ɗansa wajen oga ya kamata ya binciki abin da ake sha a shagon kamar yadda zai binciki gidan da zai ba 'yarsa. Alamomin sanannu ne: jan ido, nauyin baki, barcin rana, sababbin abokai da ba a kawowa gida, ɓacewar kuɗi da ƙananan kaya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne sau da yawa shaye-shayen rufi ne a kan wani ciwo, damuwa ko fargaba ko wani abu da aka yi wa yaron. Korarsa daga gida tana miƙa shi ga 'yan daba ne hannu da hannu. Wanda jikinsa ya saba da tiramadol ko ƙwayoyin barci kuma bai kamata a yanke masa rana ɗaya a kulle shi a ɗaki ba, domin janyewar tana iya kawo jijjiga. Aikin asibiti ne. Hukumar NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, gwamnatin jiha kuma tana da cibiya a Ƙiru.

Yarinyar da ke kai tallan abinci ƙofar kamfani lokacin tashi, ko take aiki ƙarƙashin mai ikon ɗauka da kora, tana cikin wani haɗarin. Binciken cin zarafin yara na ƙasa na 2014 ya gano cewa mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma an yi musu cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma kaɗan ne ƙwarai suka sami taimako. Yarinyar da ta ƙi zuwa wani wuri ko wajen wani mutum haka kawai, a tambaye ta a hankali kafin a tilasta mata. Idan ta faɗa, kalmar farko da ta ji ita ce za ta zauna mata, «na yarda da ke, ba laifinki ba ne» ta bambanta da «me ya kai ki?». Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala an kafa ta ne don irin wannan, kuma Kano ta sami dokar kare yara a 2023. Rufa-rufa don gudun abin kunya takan kare mai laifi ne, ta bar yarinyar da ciwon.

Idan matashi ya ce gara ya mutu, ko ya fara rabar da kayansa, ko aka ga yanka a hannunsa, ba a ɗaukarsa wasa ko neman a kula. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. Bincike ya nuna takan sauƙaƙa masa ne. A kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin magunguna daga ɗaki, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Wa'azin azaba a wannan lokaci yana sa shi ya daina faɗa, ba ya sa tunanin ya tafi.

Malam da likita

Mafi yawan iyaye wajen malam suke fara zuwa, a yi addu'a, a yi ruƙiyya, a ba da rubutu, musamman idan yarinya ce ke faɗuwa ana cewa iska ce. Addu'a tana kwantar da hankalin yaro da na iyayensa, kuma ba ta hana ganin likita. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi, aka buga sakamakonsa a 2020, wanda ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi inda masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan asibiti. Iyakar da ba a ƙetarewa ita ce duka da ɗauri da horon yunwa, da cewa a daina maganin asibiti. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Aka sami irinsa a Daura da Katsina, gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe waɗanda ke jiharta. Akasarin waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biya, don ba su san wata hanyar ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi haƙƙin marar lafiya na a kula da shi cikin mutunci.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200, masu ƙwarewa a kan yara kuma sun fi ƙaranci, ko da yake cibiyar da Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa a Ibadan tana horar da ma'aikata a wannan fanni. A Kano akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma ana iya farawa daga asibitin unguwa ko asibitin yara na Hasiya Bayero a karɓi takardar turawa. Sunan Dawanau kaɗai yana tsorata iyaye, don gudun a ce a gidansu akwai hauka, 'ya'ya mata su rasa miji. Amma yawancin yaran da ake gani ba a kwantar da su. A yi hira da su da iyayensu, a duba jiki don kawar da farfaɗiya ko wata cuta, a ba da shawara, a sa ranar dawowa. Ga damuwa marar tsanani, magana da gyaran zaman gida da na makaranta ake fara gabatarwa kafin magani. Inda aka rubuta magani, yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a dainawa don an ga sauƙi sai da izinin likita.

Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na ƙauyen Aro a Abekuta, inda marar lafiya ke zama a cikin jama'a tare da wani ɗan'uwansa maimakon a kulle shi, kuma har yau asibitocin ƙasar nan da dangi suke aiki. Likita zai tambayi yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya ci, me ya faru a gida ko a makaranta kafin nan, ko akwai mai irinsa a dangi, da duk abin da aka riga aka sha, na kemis da na gargajiya. Don haka wanda zai raka yaro ya zama wanda ya san darensa da ranarsa. A gidan mai dutin dare wannan galibi uwa ce, ko yayarsa, ko maƙwabciyar da yake wuni a ɗakinta. Uba kuma ya nemi musayar duti da abokin aiki ya halarci ko da zama ɗaya, domin shawarwarin da za a bayar game da duka da lokacin barci da komawa makaranta sai da amincewarsa za su yi aiki a gidan.